Ragon Layya Da Ƙofar Motar Kawu

Jama'a, yau zan ba ku labarin wani abin kunya da ya same ni, da wata sana'a da na gani a dalilinsa. Da na yi niyyar in bar abin a cikina, amma da na ga ɗalibanmu suna shirin fita koyarwar gwaji, sai na ce bari in tona wa kaina asiri, watakila wani ya ƙaru. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina da wani kawu a Sabo ta Ibadan, ƙanen mahaifiyata ne, falken goro. Shi ya riƙe ni sa'ad da na fara zuwa ƙasar Yarabawa, a gidansa na ci na sha har na kama aiki. A shekarar 2023 Allah Ya nufe shi da zuwa aikin Hajji. Ana jibi zai tashi sai ya kawo motarsa gidana cikin kwaleji, gama a nan akwai fili, ga kuma masu gadi. Toyota ce baƙa wuluk. Ko da ya ke yana da yara cike da gida, shi da kansa ya ke goge ta kowace safiya. Ya miƙo mini makulli, ya ce, "Ka riƙa tayar da ita duk bayan kwana uku kada batir ya mutu. Amma fa kada ka fita da ita ƙofar kwaleji."

Na ce, "To, Kawu, in Allah Ya so."

Ya bar ta da mai cike da tanki, ya tafi.

Kun dai tuna a ƙarshen watan Mayu na wannan shekara a ka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, kuɗin mota ya bi ta. Babbar Salla kuwa ta faɗo ran 28 ga Yuni. Da na lissafa abin da mai motar haya zai karɓa ya kawo mini ragon layya daga kara, sai zuciya ta fara yi mini huɗuba. Ta ce, ga mota a ƙofar ɗaki, ga mai a tanki, mai ita yana Makka, wa zai gaya masa? Ban yi wata gardama da ita ba. Ana saura kwana uku Salla na shiga motar Kawu na nufi kara, na sayi wani farin rago mai kauri, a ka ɗaure masa ƙafafu a ka sa mini a but, na dawo lafiya lau.

Da ya ke damina ce, mota ta kwaso taɓo. Sabo da in ɓatar da sawu, na ɗebo ruwa da sabulu na wanke ta tas, na goge har mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Rago kuwa na ɗaure shi a gindin mangwaron da ke kusa, da igiya mai tsawo domin ya sami kiwo. Na shiga ɗaki in yi sallar la'asar. Ina cikin tahiya sai na ji "dum!" Kafin in sallame na sake jin "dum!"

Ashe rago ya dubi ƙofar baya ya ga wani farin rago yana hararar sa. Shi rago bai san madubi ba, abin da ya sani shi ne abokin karo. Ya ja da baya ya kai masa, ɗaya ragon ma ya taho, su ka haɗu a jikin ƙofar Kawu. Na fito na tarar yana shirin na uku. Wuri biyu ya lotsa. Na sama faɗinsa kamar tafin hannu, ba zurfi sosai. Na ƙasa bai fi ƙwan kaza ba, amma ya fi zurfi. Abu guda da Allah Ya taimake ni, da goshi ya kai karon, fenti bai tsage ba.

Daren nan ban runtsa ba. Na tafasa ruwa na kwara a wurin, don na taɓa jin an ce haka a ke yi. Ƙofa ta yi zafi, ta huce, lotsawa na nan. Na ɗauko robar nan da a ke zuƙe bututun bayan gida in ya toshe, na manna a kan babbar, na ja. Sai ta fito da ƙara kamar gwangwani, na yi murna. Ina sakin hannu ta koma yadda ta ke. Na yi haka ya fi sau goma, sa'an nan na haƙura. Ran Salla na yanka ragon, amma naman bai yi mini daɗi ba.

Bayan Salla na ɗauki hoton wurin a waya na kai wa mai gyaran jikin mota. Ya duba, ya ce aiki ne na kwana huɗu. Za a kwance ƙofar a buga ta da guduma daga ciki, a kankare fentin da samfefa, a cike sauran ramin da wannan kwaɓi nasu mai daskarewa, a goge, sa'an nan a fesa wa ƙofar duka sabon fenti. Na ce, "Mai ita zai gane?" Ya yi dariya, ya ce baƙin fenti ba iri ɗaya ba ne, wanda ya sha rana shekara da shekaru ba ya zama daidai da na jiya, kuma duk dillalin da ya san aikinsa zai gane an taɓa ƙofar ya rage wa motar kuɗi. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini kome ba. Da ya ga na yi zugum, sai ya ce akwai wani abokinsa da ke fitar da irin wannan ba tare da an taɓa fenti ba, in gwada shi.

Kashegari da hantsi mutumin ya iso a kan babur, da wata doguwar jaka rataye a baya kamar ta maharbi. Bayarabe ne mai kimanin shekara hamsin, a Sabon Garin Zariya a ka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ce ya yi shekara ashirin yana bugun jikin mota da guduma kafin ya koyi wannan a Legas. Mu ka gaisa, ya ce a tura motar inuwa, a kawo masa kujera 'yar tsugunne.

Bai taɓa kayan aiki ba sai da ya gama bincike. Ya goge wurin, ya bi shi da farce yana neman tsaga. Ya ɗauko maganaɗisu ya naɗe a ƙyalle ya riƙa ɗora shi nan da can a jikin ƙofar. Na ce, "Oga, na mene ne wannan?"

Ya ce, "Abu biyu na ke tambayar sa, Malam. Na farko, ko ƙofar baƙin ƙarfe ce ko alminiyam, don maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Na biyu, ko an taɓa cike wurin da kwaɓi. Inda kwaɓi ya yi kauri, kamun ba ya ƙarfi. In akwai kwaɓi a ƙarƙashi, ina turawa zai fashe, ni da kai mu shiga uku."

Alminiyam, in ji shi, yana gyaruwa, amma ya fi taurin kai, ba ya son komawa inda ya fito. Tun 1948 a ke yin jikin Land Rover da shi, yanzu kuwa motoci da yawa da shi a ke yi musu murfin inji ko ƙofofi domin su yi sauƙin nauyi. Ƙofar Kawu dai baƙin ƙarfe ce, fentinta kuma na asali.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa a ke ririta fentin asali. Ƙarfen jikin mota bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A masana'anta a kan tsoma jikin motar ɗungum cikin wani tafkin fenti mai hana tsatsa, a sa lantarki ya manna shi ko'ina har lunguna. Bisa wannan a sa fentin shimfiɗa, sa'an nan mai launi, kana a rufe da wani garai-garai mai sheƙi. Dukansu in an haɗa kaurinsu bai wuce na takardar littafi da yawa ba. Kuma gasa su a ke yi a tanderu, da zafin da ya kai digiri 140 ko fi, tun ba a sa wa motar kujeru da wayoyi da robobi ba. Motar da ta riga ta haɗu ba ta jure wannan zafi, sabo da haka babu garejin da zai iya maimaita shi. Wani abin mamaki kuma, wannan fenti yana da danƙo, ya kan bi ƙarfe in ya lanƙwasa. Ba kamar langar iyayenmu ba, wadda in ta faɗi farin jikinta ya kan ɓantare a ga baƙi. Abin da ke jikin langa dangin gilashi ne, shi ya sa ba ya lanƙwasa sai fashewa.

Da ya gamsu, sai ya buɗe jaka. Abin da ya fara fitarwa wani allo ne kamar na 'yan firamare, amma mai fitila a ciki, fuskarsa an ja mata layuka baƙi da fari a jere. Ya manna shi a jikin motar can gaba, ya karkata shi, ya dawo ya zauna ta yadda allon na gabansa, lotsawar na tsakaninsu. Ya ce in zo in duƙa a bayansa. Na duƙa. Sai ga layukan nan sun bayyana a jikin ƙofar, miƙaƙƙu sambal kamar layin dogo, har su ka iso inda rago ya yi aikinsa. A nan su ka karkace, su ka buɗe su ka zagaye wurin kamar idon itace a jikin katako. A gefen sama kuwa su ka matse da juna.

Ya ce, "Inda su ka buɗe, rami ne. Inda su ka matse, tudu ne. Kai rami kaɗai ka gani, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Ya ce ƙarfen da a ka tura ciki dole ya ture na kusa da shi, sai ya taru a gefe ya yi wani ɗan tudu kamar gira bisa ido. Ido ba ya ganin sa sai da allo. Wannan tudu shi ya kulle ramin. Shi ya sa da na ja da roba ya fito, ina saki ya koma.

Ɗalibanmu na sashen kimiyya sun san wannan magana da wani suna. Tun shekarar 1678 wani Baturen Ingila, Robat Huk, ya bayyana cewa sifirin ya kan miƙe gwargwadon ƙarfin da a ka ja shi, in an saki ya koma. Amma akwai iyaka, in an wuce ta ba ya komawa. Ashe yawancin ƙarfen da ke cikin lotsawa bai wuce iyakar nan ba, so ya ke ya koma siffar da injin masana'anta ya ba shi. 'Yan wurare kaɗan da su ka wuce iyaka su ne su ka riƙe sauran. Aikin mai gyara shi ne ya nemo waɗannan wurare ya kwance su. Oga bai taɓa jin sunan Huk ba, amma da na gaya masa sai ya ce, "Ashe Baturen ya taɓa gyaran ƙofa."

To, sai aiki. Ya fara da tudun. Ya ɗauko wani abu mai kama da guntun alli, na roba mai tauri, ya ɗora bakinsa a kan tudun, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma marar nauyi. Bugun bai fi wanda a ke yi wa ƙwai a ga ko ya dahu ba. Idonsa ba ya kan hannunsa, yana kan layukan. Sannu a hankali na ga inda su ka matse sun fara sakin juna.

Daga nan ya sauke gilashin ƙofar ƙasa, ya cusa 'yar weji ta roba tsakanin gilashi da ƙarfe domin ya sami kafa, ya zura wani faifan roba ya kare gilashin kada ya fashe. Sa'an nan ya zazzage sandunansa. Sun fi ashirin, duk na ƙarfe mai tauri. Akwai gajere kamar cokali, akwai wanda ya fi kamu biyu. Wani bakinsa a lanƙwashe kamar lauje, wani mai tsini, wani mai dunƙulallen kai da hular roba, wani kuma mai faɗin baki kamar wutsiyar kifi, na shiga matsatsin wuri. Ya ce ba ya huda mota don neman hanya, gama huda ƙofar tsatsa ce. Ta kafar gilashi ya kan shiga, ko ta gurbin fitila, ko ta inda wayoyi ke wucewa, ko ya cire rufin ciki.

Ya zaɓi mai hular roba ya zura ta kafar. Yanzu fa bakin sandar na cikin ƙofa, ba mai ganin sa. Na ce, "Oga, yaya za ka san inda ya ke?"

Ya ce, "Duba layi."

Ya ɗan murɗa hannu, sai na ga wani ɗigo a cikin layukan ya motsa, kamar yadda ruwa kan yi in kifi ya taso daga ƙasa. Wannan ne bakin sandar. Ya ja shi a hankali har ya kai inda ya ke so, sa'an nan ya fara turawa. Ba turi ɗaya mai ƙarfi ba. Ƙananan turi ne bila adadin, kowane kusa da ɗan'uwansa kamar ɗinkin hula, yana kewayawa. Na fara ƙidaya, da na wuce ɗari biyu na bari. Lokaci lokaci ya kan tsaya ya busa wa wurin iska mai zafi da wata na'ura irin ta busar da gashi, ya taɓa da bayan hannu. Ya ce fenti mai ɗumi ya fi bin ƙarfe, mai sanyi ya kan tsage, wanda ya sha zafi da yawa kuma ya ƙone. In ya tura ya ɗan wuce, sai ya dawo waje ya mai da shi da guntun robar nan. Haka ya yi ta yi, ciki da waje, har tafin hannu ya koma kamar kwabo, kwabo ya koma kamar ƙwayar gero, ƙwayar gero ta ɓace.

Da na ga abin kamar wasa, sai na ce ya ba ni in gwada. Ya ce ba a kan motar mutane ba. Na ɗauko wani tsohon akwatin ƙarfe da na yi makaranta da shi, murfinsa duk a lotse. Ya kafa mini allo, ya ba ni sanda. Na nemi bakin sandar a cikin layi, na rasa. Sai na ce ai na san inda ya ke, na danna da ƙarfi. Wani ƙurji ya ɓullo can gefe, nesa da ramin da yatsa biyu, fentin kansa ya tsage. Oga ya ce, "Ka gani, Malam? Garin neman gira ka rasa ido. Ni wata uku na yi a kan tsohuwar ƙofa ina koyon neman bakin sanda kaɗai, kafin maigidana ya bar ni in taɓa motar wani."

Saura ƙaramar lotsawa ta ƙasa. Ita sanda ba ta kai gare ta, domin a cikin ƙofar mota akwai wani ƙarfe da a ke gittawa don ya kare mutane in an buge su ta gefe, ramin kuwa daidai kansa ya faɗa. Sai ya sake dabara. Ya goge wurin da sifirit, ya ɗauko wani ɗan maɓallin roba mai faɗin kai, ya narka masa gam, ya manna a tsakiyar ramin. Ya jira gam ya kama. Sa'an nan ya maƙala masa wani abu mai kama da filaya mai ƙafa biyu, ya matsa, maɓallin ya jawo ƙarfen waje ya ɓalle da ƙara. Ya ɗiga sifirit, gam ya saki, ya ɓare shi ba tare da ya bar tabo ba. Wurin ya taso ya ɗan wuce, ya mai da shi da bugu, ya sake manna wani maɓalli ƙarami. Sau bakwai ya yi haka. Ya ce wannan hanya ita ta fi bukatar fentin asali, gama fentin gareji sau da yawa ya kan biyo gam ya taso.

Muna hutawa na tambaye shi inda sana'ar ta fi kasuwa. Ya ce ƙasashen da a ke ruwan ƙanƙara. Mu nan sai jefi-jefi a ke ganin ta, kamar a tsaunukan Jos. Amma a Amurka da Turai ta kan sauko manya-manya, ta bar wa mota ɗaya rami ɗari ko fi, fenti kuwa lafiya lau. Wadda ta sauka a birnin Munik na Jamus ran 12 ga Yuli, 1984, ta ɓata motoci dubbai cikin maraice ɗaya. Kamfanonin inshora sun ga fitar da irin waɗannan ramuka da sanda ya fi sake fenti araha da sauri, shi ya sa sana'ar ta bunƙasa. A Amurka har akwai masu bin hadari jiha jiha da jakar sandunansu, kamar yadda 'yan ci-rani ke bin kaka.

Na ce, "Ashe nan gaba masu guduma za su rasa aiki."

Ya girgiza kai. Ya ce sandarsa tana da iyaka. In fenti ya tsage, dole a sake fenti, in ba haka ba ruwa ya shiga tsatsa ta kama. In bugun ya yi tsanani har ƙarfen ya miƙe ya yi sirara, ba ya komawa, sai dai ya riƙa ɓal-ɓal. In a bakin ƙofa ne inda ƙarfe ya ninku, da wuya. Ruwan zafin da na kwara kuwa, ya ce a bambar roba ya kan yi amfani, a ƙarfe sai dai wanka. Ya ce, "Rabin sana'ar nan sanin wanda za ka karɓa ne da wanda za ka mayar wa mai guduma."

Wajen azahar ya gama. Ya kewaya da allon ta gaba, ta baya, ta sama, layuka sambal ko'ina. Abin da ya karɓa bai kai rabin na mai fenti ba. Daɗi ya kama ni, bakina ya suɓuce na ce, "Shi ke nan, Kawu ba zai taɓa sani ba."

Oga yana ɗaure jakarsa, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ni dai na ƙofa a ka kira ni, Malam, na kuwa fitar. In akwai saura a wani wuri, ba ni da sandar da ke kai can." Ya hau babur ya tafi.

Kawu ya sauka tsakiyar watan Yuli. Bayan an gama zuwa sannu da zuwa, an sha zamzam an ci dabino, sai ya zo ɗaukar motarsa, da abokansa biyu. A lokacin akwai ɗalibaina a ƙofar gida, ga mai ɗakina ta fito gaishe shi. Ya kewaya motar sau ɗaya. Ya wuce ƙofar baya bai ko tsaya ba. Ya buɗe but, ya ɗan jima, ya rufe. Ya shiga ya tayar, ya dubi agogon gaba. Sa'an nan ya leƙo ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka riƙe amana." Jama'a su ka ce amin. Ni kuwa ji na yi kamar ragon nan ni ya tunkura.

Kwana biyu ina fama da kaina. Ran na uku na tafi Sabo, na jira a ka yi sallar isha'i, mutane su ka watse, na bi shi zaure. Na durƙusa na faɗa masa kome, tun daga kara har gam. Ya saurara har na gama. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan littafin da ya ke rubuta lissafin goro, ya buɗe wani shafi ya miƙo mini. Lambar agogon tafiyar motar ce, ya rubuta ta ran da ya kawo ta.

Ya ce, "Tun ran nan na san ka fita da ita. Ga agogo, ga mai ya ragu, ga kashin rago a gindin safaya. Maganar ƙofa ce kaɗai ban sani ba sai yanzu."

Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "A gaban ɗalibanka da iyalinka? In na kunyata ka a nan, gobe da wane ido za ka tsaya gabansu? Cewa na yi in ba ka kwana bakwai. In ka zo da ƙafarka, shi ke nan. In ba ka zo ba, in kira ka ɗaki mu biyu." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Addu'ar da na yi maka kuwa, roƙo ne, ba shaida ba. Gobe ka je ka cika mini tankina."

Na cika shi da sabon farashi. Da kuɗin Oga da na mai, abin ya ninka kuɗin motar hayar da na guje wa sau da yawa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

A hanyar komawa gida wani abu ya faɗo mini a rai. Shekara guda kafin wannan, na je duba wani ɗalibinmu a koyarwar gwaji, yaro mai ƙoƙari wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne. Yana so ya rubuta "baƙi" a allo sai ya rubuta "baki". Ina zaune a bayan aji, na tashi na karɓe alli daga hannunsa, na gyara, na kuma yi wata 'yar ba'a a kan bambancin baƙo da baki. Yara su ka fashe da dariya. Kuskure ya gyaru nan take, bai sake yin sa ba. Amma sauran makonnin da ya yi a makarantar nan ajin bai ƙara saurarar sa ba, har laƙabi su ka sa masa. Na fitar da ramin, na kankare fentin da ba ni da irinsa. Da na jira a ka tashi na kira shi gefe, da shi da kansa zai gyara a allo kashegari, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na neme shi daga baya na ba shi haƙuri, ya ce ba kome, amma ni na san da kome.

To, 'yan'uwana masu shirin fita, za a damƙa muku 'ya'yan mutane amana, za ku kuwa tarar da lotsawa iri iri. Kafin ku kai hannu, ku duƙa ku duba da kyau, gama abin da ya riƙe ramin sau da yawa yana gefe, inda ido bai fara sauka ba. Yaron da ke barci a aji watakila tun asuba ya ke talla. In kun gano, ku nemi hanyar da za ku shiga ta bayan fage, ku tura kaɗan kaɗan, ku duba, ku sake turawa. Ban ce kowane laifi haka a ke yi masa ba. Akwai wanda ya riga ya tsage, kamar zaluntar ƙaramin yaro ko satar jarrabawa, wannan sai an kai shi gaban hukumar makaranta a fili. Sanin bambancin nan ma aikinku ne. In kuma ku ne ku ka yi ɓarnar, kada gwanintar gyara ta ruɗe ku, ku je ku faɗa tun ba a buɗe muku littafin lissafi ba.

Motar Kawu na nan. Duk ran da na je Sabo na kan duƙa in dubi ƙofar nan ta gefe, har yau ban ga kome ba. Akwatina ma na nan da ƙurjinsa a murfi, ban yarda an gyara shi ba. Ragon layya kuwa, tun daga wannan shekara a bayan gida na ke ɗaure shi, da gajeriyar igiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.